Rinin Da Ba Ya Wankuwa: Yadda Azurfa Ke Sauya Launin Fata

Duk wanda ya taɓa halartar biki a Yerwa, watau Maiduguri, ya san darajar azurfa a wurin mutanen Barno. Matan Barebari da na Shuwa suna ado da ita a wuya da hannu da kitso, maza kuwa suna sa zobenta, tun da yake shari'a ta halatta musu shi. Wannan ƙauna ta daɗe. Lokacin da Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya isa Kukawa cikin shekarar 1851, ya tarar ana ciniki da wuri da kuma liyari, watau kuɗin azurfar nan na ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza. Da aka daina karɓar liyari a kasuwa, sai maƙeran farfaru suka ci gaba da narka shi suna ƙera mundaye da zobba.

To, amma azurfar da ke ƙawata wuyan amarya, idan ta shiga ciki ta daɗe tana taruwa, takan rina fatar mutum ta koma ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, kuma rinin ba ya fita. Likitoci suna kiran wannan larura arjiriya, daga kalmar Girkawa mai nufin azurfa. Ba ta da yawa, amma ta sake ɗagowa a duniya tun da aka fara tallar ruwan azurfa a matsayin maganin kowace cuta, kuma wannan talla ta taɓa isowa har Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Nijeriya.

YADDA RININ YAKE KAMAWA

Mai karatu ya san rawanin nan ɗan Kura, wanda shuninsa kan zauna a goshin Buzu ko basarake. Wannan a bisa fata yake, ruwa da sabulu sun ishe shi. Lallen da matan Barno suka gwanance a kansa shi ma mako biyu ko uku yake yi ya kwaranye, domin fatar sama kullum sabuntawa take yi. Rinin azurfa kuwa a ƙarƙashin wannan fata ta sama yake zama, inda wanka ba ya kaiwa.

Ga yadda abin yake. Idan mutum ya sha wani abu mai azurfa, ruwan tsamin da ke cikin tumbi yakan narkar da ita ta zama gishiri. Hanji ya tsotsi wani kaso, jini ya ɗauka ya rarraba. Jiki yakan fitar da mafi yawanta ta hanyar hanta da bayan gida, amma idan abin da ke shiga ya fi ƙarfin abin da ke fita, sai ragowar ta kwanta a hanta da saifa da ƙoda da ido da fata. A cikin fata ta fi son kewaye 'yan maɓuɓɓugan gumi da saiwar gashi da ƙananan hanyoyin jini.

Daga nan sai rana ta ƙarasa aikin. Masu ɗaukar hoto na da sun san cewa gishirin azurfa ake shafa wa fim, kuma haske ne ke baƙanta shi har a sami dodon hoto. Haka yake faruwa a jikin mutum. Hasken rana yana ratsa fata ya mai da gishirin nan ƙananan ƙwayoyin azurfa, su kuma su haɗu da sinadarin farar wuta da wani mai suna seleniyam, su zama baƙin tsaki wanda ba ya narkewa. Masana a Jami'ar Brown ta Amurka sun bi sawun waɗannan matakai a ɗakin gwaji, suka bayyana sakamakon cikin shekarar 2012. Shi ya sa fuska da wuya da bayan hannu suka fi sauran jiki rinewa. A gari irin Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma akasarin jama'a a rana suke neman abinci, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne.

Game da yawan da ke kawo larurar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin giram 10 ne iyakar abin da mutum zai haɗiya a tsawon rayuwarsa ba tare da an ga illa ba. Liyari guda nauyinsa giram 28 ne, azurfar da ke cikinsa ta ɗan haura giram 23. Ke nan iyakar ba ta kai rabin liyari ba. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka kuma ta sa ƙa'idar maikirogiram 5 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini, watau miligiram 0.3 ga mai nauyin kilo 60. Ruwan azurfar da ake sayarwa yawanci yana ɗauke da miligiram 10 ko fiye a kowace lita. Wanda ya sha kofi guda, rubu'in lita, ya sha miligiram 2.5, ya ninka ƙa'idar yini fiye da sau takwas.

TSOHON MAGANI NE

Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta idan ta taɓa su, wannan babu musu. Saboda haka kafin zuwan fenisilin likitocin Turai sun dogara da ita ƙwarai. A ƙarni na 19 sun riƙa ba masu farfaɗiya gishirinta su sha, farfaɗiyar ba ta warke ba, majinyatan suka rine. Wajen shekarar 1881 wani likitan Jamus mai suna Carl Crede, a birnin Laifzig, ya fara ɗiga ruwan gishirin azurfa a idon jarirai don kare su daga makantar da ciwon sanyin uwa ke jawowa, kuma wannan dabara ta ceci idanu masu ɗimbin yawa. A farkon ƙarni na 20 aka fito da wani magani mai suna Argyrol a Amurka, ana ɗiga shi a hanci da ido da maƙogwaro, mutane suka mai da shi abin kullum. Cikin 1939 likitoci biyu, Hill da Pillsbury, suka tattara labarin mutum 357 da azurfa ta rina.

Da magungunan zamani suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, larurar ta yi ƙasa. Sai kuma cikin shekarun 1990 'yan kasuwa suka farfaɗo da ruwan azurfa da sunan ƙarin lafiya. Cikin 1999 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta yanke hukunci cewa babu shaidar da ta nuna irin wannan ruwa yana da amfani ko aminci a matsayin magani, amma ciniki bai tsaya ba. A wannan shekara ce wani ɗan siyasa na Jihar Montana, Stan Jones, ya fara haɗa ruwan azurfa a gida yana sha, saboda tsoron kada kwamfutoci su rikice a shigowar shekarar 2000 a rasa magani. Lokacin da ya tsaya takarar Majalisar Dattawa cikin 2002, fuskarsa ta riga ta yi toka-toka. Wani kuma mai suna Paul Karason, wanda ya yi shekaru yana sha yana shafawa, ya bayyana a talabijin cikin 2008 fuskarsa shuɗiya kamar an tsamo shi daga marina. Ya rasu cikin 2013 yana da shekara 62 bayan ciwon zuciya, launin bai taɓa barinsa ba.

DARASIN SHEKARAR 2014

Ran 20 ga watan Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka Ikko daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Tsoro ya game ƙasa. A farkon watan Agusta saƙo ya bazu ta wayar hannu cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, jama'a suka tashi cikin dare suna yi daga Kudu har Arewa, har aka sami waɗanda suka rasa rayukansu.

Ana cikin haka, ran 14 ga Agusta, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya ba da sanarwar cewa an samo wani maganin gwaji mai suna Nano Silver, watau ruwan ƙananan ƙwayoyin azurfa, za a gwada shi a kan masu Ebola a Ikko. A ranar hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi game da kayayyakin da ake tallatawa ta intanet da sunan maganin Ebola. Cikin 'yan kwanaki Ministan ya sake fitowa ya ce maganin bai cika sharuɗɗan kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa ba, don haka ba za a ba kowa ba. A watan Satumba hukumomin Amurka suka aika wa ƙungiyar da ke tallarsa takardar gargaɗi.

Nijeriya ta ci galabar Ebola ta hanyar keɓe majinyata da bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da su, da kuma sadaukarwar ma'aikatan lafiya irin su Dokta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana Sawyer fita asibiti, ta kamu, ta rasu. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, kuma ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta ƙare a ƙasar. Ruwan azurfa bai taka wata rawa ba. Duk da haka, da annobar korona ta zo cikin 2020, aka sake jin tallar, har hukumomin Amurka suka gargaɗi wani mai wa'azin talabijin, Jim Bakker, a kan sayar da shi. Abin lura shi ne, duk sa'ad da annoba ta sauka, masu wannan ciniki sukan fito, kuma yanzu wayar hannu ta isar da su kowane gida.

SU WA YA KAMATA SU KULA

Da farko, sa munduwa ko sarƙa ko zobe ba ya rina jiki duka, haka nan cin abinci da cokalin azurfa. Baƙin da zobe kan bari a yatsa tsatsa ce, wanki yana fitar da ita. Sai dai ɗan kunnen da ya daɗe a cikin huda mai rauni yakan iya barin tabo shuɗi a wurin.

Masu sana'ar azurfa su ne a gaba. Maƙerin da ke gogawa da zarto, ko narkawa, ko yin walda da ita shekara da shekaru a rumfa marar iska, yana shaƙar ƙura da hayaƙi, tsakinta kuma yana shiga yankan da ke hannunsa da cikin idonsa. Irin waɗannan sukan sami ɗige-ɗige shuɗɗa a yatsu, ko farin idonsu ya dushe.

Sai masu ƙuna. Man nan fari da ake shafa wa ƙuna a asibitoci, wanda aka fi sani da Dermazin, azurfa ce aka haɗa da maganin salfa. Wani likitan Amurka, Charles Fox, ya ƙirƙiro shi cikin shekarun 1960, kuma ya ceci rayuka. A Barno, inda gobarar fetur da ta sansanonin 'yan gudun hijira da tashin bama-bamai suka bar mutane da yawa da ƙuna, magani ne mai muhimmanci, kuma kada wannan bayani ya sa wani ya ƙi shi idan likita ya rubuta. Haɗarin yana wurin wanda ya saya a kemis ya riƙa lafta wa tsohon gyambo wata da watanni ba tare da likita ya duba ba.

Waɗanda suka fi kowa shiga haɗari su ne masu shan ruwan azurfa kullum, domin su ne larurar kan game wa jiki duka. Daɗin daɗawa, wannan ruwa yana hana hanji tsotse wasu magunguna, kamar tetarasaikilin da maganin maƙoƙo na tairoksin, ya zamana garin neman gira an rasa ido.

YADDA LIKITA KE GANE TA

Matakin farko tambaya ce, kuma ita ce rabin aikin. Likita zai so ya ji sana'ar mutum, da duk abin da ya taɓa sha ko shafawa ko ɗigawa a hanci da ido, na asibiti da na gargajiya da wanda aka aiko daga waje, da kuma tsawon lokacin da aka yi ana amfani da shi. Mutane da yawa ba sa lissafa irin wannan ruwa cikin magani, wasu kuma kunya ke hana su faɗi. Zuwa da kwalbar asibiti yakan rage wahala ƙwarai.

Mataki na biyu dubawa. Littattafan likitanci akasari hotunan fararen fata suke nunawa, wanda shuɗi ke fitowa fili a jikinsu. A baƙar fata abin yakan ɓuya, sai dai a ga mutum ya yi wani irin duhu mai toka-toka da ɗan ƙyalli kamar dalma. Saboda haka likita mai lura yakan duba wuraren da baƙi bai rufe ba. Dasashi shi ne kan fara sauyawa. Sai farin nan mai siffar jinjirin wata da ke gindin farce, wanda kan koma shuɗi. Sai farin ido da cikin fatar ido, da cikin baki, da tafin hannu. Yakan kuma gwada launin fuska da na ciki ko cinya, inda rana ba ta kaiwa. Likitan ido yana da fitila ta musamman mai nuna tsakin azurfa a cikin gilashin ido.

Mataki na uku shi ne kawar da abubuwan da suka yi kama da ita, domin wasunsu na gaggawa ne. Mai ciwon zuciya ko huhu, wanda iska ba ta isar jininsa, leɓɓansa da faratansa sukan yi shuɗi. Amma shi yana haki, idan an danna fatarsa launin yakan kau na ɗan lokaci, kuma 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa za ta nuna ƙarancin iska. Mai rinin azurfa numfashinsa lafiya lau, launinsa ba ya motsi. An sha garzayawa da irinsu ɗakin gaggawa ana zaton zuciya ce. Akwai kuma wata larurar jini da wasu magunguna ko ruwan rijiya mai taki ke kawowa, wadda jinin da aka ɗiba kan fito ruwan ƙasa-ƙasa.

A ƙasar nan abin da ya fi yawan baƙanta fuska shi ne man bilicin. Sinadarin haidirokwinon, idan an daɗe ana shafa shi, yakan juyo ya bar baƙin tabo mai shuɗi a kunci da goshi, abin da likitoci suka bayyana a Afirka ta Kudu tun 1975. Wasu mayukan kuma zaiba ke cikinsu. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan ƙara haske, kuma cikin 2023 hukumar NAFDAC ta ce lamarin ya zama na gaggawa. Haka nan maganin kuturta mai suna kulofazimin, wanda ake ba masu wani nau'in tarin fuka ma, yana mai da fata ja-ja zuwa baƙi, sai dai shi yakan kwaranye a hankali bayan an gama sha. Kulorokwin da aka daɗe ana sha, da wasu magungunan zuciya da na taɓin hankali, su ma suna sauya launi. Gubar dalma, irin wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara cikin 2010, takan bar wani siririn zane shuɗi a bakin dasashi, kuma ita tana kisa, saboda haka ba a jinkirin awon jini.

Mataki na ƙarshe, wanda ke yanke gardama, shi ne ɗibar fata. Ana yin allurar kashe zafi, a yanki ɗan guntu wanda bai fi ƙwayar dawa ba, a kai sashen binciken tsoka, irin wanda ke manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ana ganin ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe, kusan girmansu ɗaya, sun jeru kewaye da maɓuɓɓugan gumi. Idan aka duhunta filin madubin aka hasko daga gefe, sai su riƙa walƙiya kamar taurari a daren hunturu. Tabon bilicin ba haka yake ba, shi wasu lanƙwasassun zaruruwa ne masu ruwan ɗorawa. Akwai kuma na'urori masu ƙarfi da ke iya tabbatar da cewa ƙwayoyin nan azurfa ce ba wani ƙarfe ba. Awon azurfa a jini ko fitsari yana taimakawa idan mutum yana kan sha, amma wanda ya daina da daɗewa jininsa zai iya fita fes alhali fatarsa tana cike.

AKWAI MAGANI?

Larurar ba kasafai take kisa ba, ba ta ƙaiƙayi, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Sai dai shan azurfa mai yawa yana iya taɓa ƙoda da jijiyoyi, don haka likita kan auna su. Babban nauyinta a zuciya yake. Rosemary Jacobs, wata Ba'amurkiya da aka rubuta wa maganin ɗigawa a hanci tana shekara 11 cikin shekarun 1950, ta rine tun tana budurwa, ta kuma shafe shekaru tana faɗakar da jama'a da hukumomi, tana ba da labarin kallo da tsangwamar da ta sha. A nan kuwa, inda sauyin launin fata kan jawo zancen sammu ko kuturta, yana iya raba aure ko ya kori masu ciniki, ya kuma cinye dukiyar iyali a yawon neman magani.

Magungunan da ke jawo dalma da zaiba daga jiki an gwada su a kan azurfa ba su yi aiki ba. Man bilicin ma ba ya taɓa ta, sai ƙarin lahani. Abin da ya nuna alamar nasara a 'yan shekarun nan shi ne wani irin hasken leza mai farfasa ƙwayoyin, amma yana da zafi da tsada, yana bukatar ƙwararre musamman a baƙar fata, kuma launin yana iya dawowa. Abin da ke hannun majinyaci shi ne ya daina sha nan take, ya rage shiga rana, ya riƙa rufe fuska da hannu.

Jikin ɗan Adam yana bukatar ƙarfe irin na jini da aidin da sauransu, amma ba shi da wata bukata ga azurfa ko kaɗan, babu kuma cutar da aka tabbatar shanta yana warkarwa. Saboda haka wanda aka kawo wa kwalba aka ce tana maganin sukari da sanyi da daji a lokaci guda, ya nemi shawarar likita ko masanin haɗa magunguna kafin ya kai baki, ya kuma sani lambar rajista a jikin kwalba ba shaidar warkarwa ba ce. Maƙera su yi aiki a wuri mai iska, su rufe hanci da ido, su wanke hannu kafin cin abinci. Wanda kuma ya ga dasashinsa ko gindin farcensa ko farin idonsa ya fara sauya launi, ya tattara duk abin da yake sha da shafawa ya nufi asibiti da wuri, domin abin da ya riga ya kwanta ba ya tashi, amma ana iya hana shi ƙaruwa.